Dutsen da Ban Sassaƙa Ba

Duk ranar da na ajiye a-kori-kurata a gaban shagon nama na Gate City Boulevard, sai wani daga cikinku ya leƙa bayanta, ya ga dutse da 'yan ramuka da zobba kewaye da su, ya ce, "Baba Sabi'u, wai wannan ake biyan ka ka yi?" Waɗanda aka haifa a nan da Turanci ma suke faɗa, su ƙara da cewa kafin la'asar za su gama irinsa biyu. To ku zauna ku ji. Ni ma haka na ce da farko.

Sana'ata ita ce kwaikwayon aikin mutanen da. A dazuzzukan jihar nan akwai duwatsun da mutanen farko na ƙasar suka sassaƙa tun kafin Bature ya san hanyar zuwa. Rami ne kamar bakin ludayi, wani a kewaye shi da zobe, wani zobe cikin zobe, wani a ja masa 'yar hanya ta fita kamar magudanar ruwa. Ba wanda ya san tabbas abin da suke nufi. Duk wanda ya ce muku ya sani, ku dubi hannunsa, akwai abin da yake sayarwa. Nawa aikin shi ne in yi irinsu a sabon dutse, a ajiye a wuraren shaƙatawa da makarantu da lambunan masu hali, yara su taɓa, su hau, su zuba lemo a ciki, na ainihin ya huta.

Ba da wannan na fara ba. Direba ne ni a wani wurin sayar da duwatsun gini, ina haya a unguwar Glenwood, ɗalibai na kwana kiɗa a maƙwabta. Cikin masu sayen kaya akwai wani tsohon magini Bature, Wandal, mai gemu da taba a kumatu. Wata rana ya tsaya yana kallon yadda nake sauke duwatsu ina jera su, ya ce, "Kai, wa ya koya maka ajiye dutse a kan cikinsa?" Na ce ba kowa, ina gudun ya faɗo mini a ƙafa ne. Ya ce to wannan tsoron shi ne rabin sana'ar, in zo ranar Litinin. A hannunsa na koyi katanga da matakala da murhun ɗumama ɗaki. Kafin ka taɓa dutse, in ji shi, ka ƙwanƙwasa shi ka saurara. In ya yi ƙara kamar fasasshiyar ƙwarya, bar shi, yana da tsaga a ciki, zai jira ka kusa gamawa ne ya rabe.

Aikin farko na irin wannan, wata malamar jami'a ce ta kawo mana, Dokta Ilen, mai binciken kayan tarihi, 'yar siririya, kullum da takalmin shiga laka. Akwai wani dutse na ainihi a wani daji da jama'a suka dame shi, masu goga alli, masu rubuta sunan budurwa da makullin mota. Tana so a yi kwafinsa a bakin hanya, a kange na ciki. Ta ba mu hotuna. Na dubi hotunan na ce wa Wandal wannan ai aikin yini ɗaya ne. Na ɗauko injin huda da giranda mai goge dutse, kafin azahar na gama. Ramuka sumul, zobba kamar an ɗora kofi an zana. Har wanke shi na yi.

Dokta ta zo, ta zagaya shi, ta tsuguna, ta miƙe. Ta ce, "Yana da kyau ƙwarai. Mene ne?"

Na ɗauki hotonsa na kai gida don in sami mai goyon bayana. Hajiya Rabi, matata, ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "A'a, Malam, ka iya tanda ashe? Yi mana ƙarama mana, ta waina."

Washegari Dokta ta kai mu rafi, ta tsinto wani farin dutse mai tauri, daidai dunƙulen hannu. Ta durƙusa ta fara bugun dutse da dutse, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kowane bugu na cire abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ina jin ƙarar nan sai na tsaya. Na san ta. Ƙarar Kawu Iro ce, ƙanin mahaifiyata, da yake bi gida gida a ƙauyenmu yana koɗa dutsen niƙa idan ya yi santsi. Mu yara har waƙar tsokana muke yi masa. Ga ni na haye teku, na sha layin biza, na zo in yi aikin Kawu da tabarau a ido. Na buga masa waya, lokacin yana da rai, na gaya masa.

Ya ce, "To su ma niƙa suke yi?"

Na ce, "A'a, Kawu, kallo kawai suke yi."

Ya ce, "Allah ya shirye su. Kai dai ka riƙa sakin wuyan hannu, kada ka buga da kafaɗa."

Wannan shawarar ita ta hana ni naƙasa. Makoɗi, wato dutsen bugun, ba a riƙe shi da ƙarfi, sakinsa ake yi ya faɗa da nauyinsa ya dawo. Rami ɗaya na iya cin safiya guda. Zobe ya fi wuya, domin ba a zana shi tukuna. Ɗigo ɗigo ake bi, sannan a haɗe. In ka yi sauri ya zama ƙwai, in ka gaji ya zama wake. Makoɗin kansa yana cinyewa, kullum sai ka koma rafi neman wani, kuma a rafin nan akwai kaska, akwai maciji mai launin busasshen ganye, akwai wani tsiro mai ganye uku da karara ba ta kama ƙafarsa a ƙaiƙayi ba. Na taɓa zama a kansa in ci abinci. Sati guda a tsaye nake sallar nafila, a tsaye nake cin tuwo.

Bayan sassaƙa sai tsufantarwa, don sabon rami fari ne fat, kowa ya gani ya san jiya aka yi. Wandal ya koya mini a dama gansakuka da kindirmo a shafa, a ajiye a inuwa ta kama. Karon farko kindirmon Hajiya na fura na ɗiba. Da safe na tarar da dutsen tas kamar an yi masa wanka, ga sawun rakun, dabbar nan mai baƙin ido kamar ɓarawo, ko'ina. Na sake shafawa, suka sake zuwa da 'yan uwansu. Hajiya ta ce ita ba ta hana ni sadaka ba, amma in riƙa sayen nawa.

Doka ɗaya Wandal da Dokta suka haɗu a kanta: duk dutsen da ya fita daga hannunka, ka sassaƙa sunanka a ƙarƙashinsa, ka dasa 'yar darma mai ɗauke da shekara. Kada wani ya zo bayan mun mutu ya ɓata rayuwarsa yana nazarin aikin Sabi'u.

Masu saye kuwa, na ga iri iri. Wata ta ce in yi mata dutsen da zai jawo ƙarfin ƙasa zuwa ɗakin kwananta. Na ce ni rami na iya, ƙarfin ƙasa sai ta nemi wani. Alhaji Musa, mutumin zangon Kumasi, mai tuƙa babbar mota, ya sa na yi masa ramuka layi layi, ba zobe ko ɗaya. Ashe dara yake so su riƙa yi a bayan gida. Wani dattijo kuma ya tare ni bayan Juma'a ya ce, "Malam Sabi'u, an ce gumaka kake yi." Na kai shi bayan mota na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ko mai bautar gunki ba zai karɓa ba." Muka rabu lafiya.

Sai muguwar shekara ta zo. Wandal ya rasu a farkonta. A tsakiyarta wani kamfani ya fara zuba siminti a mazubi yana fitar da irin duwatsuna, mara nauyi, mai araha, har da gansakukar fenti. Waya ta daina ƙara. Na koma gyaran matakalar mutane, wani satin ma babu. Makoɗaina suna cikin bokiti, gizo-gizo ya yi musu rumfa.

A ƙarshen kakar shekarar ne wata tsohuwa ta kira ni daga Pleasant Garden, can bayan gari, sunanta Misis Fola. Gida ne a tsakiyar fili mai faɗi, bayansa daji. Ta zaunar da ni a baranda, ta ba ni shayi mai ƙanƙara da sukarin da zai ishi gidan biki, sannan ta faɗi buƙatarta. Wani mai gina gidaje ya sayi dajin da ke bayan nata, kuma hanyar shiga sababbin gidajen za ta bi ta gefen filinta, ta wata tsohuwar hanyar da doka ta ba shi. A daidai wurin akwai wani ƙaton dutse da mijinta marigayi yake zama a kai. Tana so in sassaƙa masa ramuka da zobba, in tsufantar da su, kada in sa suna, kada in sa darma. Ita kuma ta kira hukuma ta ce ta gano abin tarihi, don a hana hanyar bi ta wurin.

Na ce, "Mama, wannan ba zan iya ba."

Ta ce, "An ce mini kai ne ka fi kowa iyawa."

Na ce, "Iyawa na iya. Yi ne ba zan yi ba. Ranar da aka gane, ke za a ce tsohuwa ce ta rikice, ni za a ce ɗan damfara, kuma kin san daga wace ƙasa na fito, ba sai an nemi shaida ba."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce to shi ke nan, amma tunda na zo, in je in ga dutsen mana. Wannan ne ba na iya ƙi. A nuna mini dutse in ce ba zan duba ba, ban kai nan ba.

Muka shiga dajin, tana dogara sanda. Dutse ne shimfiɗaɗɗe, ya kai faɗin tabarma biyu, ganye da gansakuka sun rufe rabinsa. Na ɗauko makoɗi daga aljihu, don akwai guda ɗaya da ba na rabuwa da shi, na ƙwanƙwasa in ji muryarsa. Lafiyayye. Na sa hannu na share ganyen gefe, kawai don in ga ƙwayarsa, sai yatsana ya faɗa rami. Na share gaba, wani ramin. Na yaye gansakukar a hankali kamar ana cire bandeji, sai ga zobe, cikinsa zobe, cikinsa zobe, har huɗu, ga 'yar hanya ta fito daga tsakiya ta gangara.

Misis Fola ta leƙo ta ce, "Kai, amma kana da sauri!"

Na ce, "Mama, wallahi ba ni ba ne."

Ta kashe mini ido ɗaya. Ta ce, "Haka ne. Ba kai ba ne. Haka za mu ce."

Na yi rantsuwa da Hausa, na yi da Turanci, ita dai sai gyaɗa kai take yi tana cewa na iya wasan kwaikwayo. Kafin in kai mota ta kira hukuma. Kuma a daidai lokacin da muke fitowa daga daji, ni da makoɗi a hannu da tabarau a wuya, ma'aikatan awon mai gina gidajen suna tsaye a bakin hanya. Suka dube ni, suka dubi a-kori-kurata, wadda aka rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe cewa ina sassaƙa duwatsu irin na mutanen da. Ɗaya ya ɗaga waya ya ɗauki hoto.

Ba a yi sati ba takarda ta zo daga lauyan mai gina gidajen. Ana zargina da ƙirƙirar abin tarihi na ƙarya don a hana aikin da doka ta yarda da shi. Makarantar da ta rage tana ba ni ɗan aiki ta ce in dakata tukuna. Labari ya zaga masallaci. Wasu suka daina tambayata aiki, wasu kuma, abin da ya fi ciwo, suka riƙa matse mini hannu suna cewa, "Malam, ashe kai ƙwararre ne haka."

Na kira Dokta Ilen. Ta zo da takalminta na laka, da madubin ƙara girma, da tocila, da bargo. Ta lulluɓe kanta da bargon tsakar rana tana haska ramukan daga gefe, ta fi awa a durƙushe. Da ta fito na ce, "Dokta, yaya?" Ta ce za ta faɗa a gaban hukuma, kuma in yi haƙuri da abin da zan ji. Ban gane nufinta ba sai ranar.

An yi zaman a wani zauren hukumar tsara filaye. Alhaji Musa ya zo da mutane mota biyu don su tsaya mini, Hajiya Rabi na gaba da sabon lulluɓi. Lauyan ya nuna hoton motata, ya nuna hotona da makoɗi, na fito kamar wanda aka kama da akuya a kafaɗa. Sannan aka kira Dokta.

Ta fara da abin da kowa zai gane. A cikin ramukan akwai wani irin tabo mai rai da ke fitowa a dutse kamar makero a fata, wanda kafin ya kai faɗin nan sai mutum ya tsufa jikansa ya tsufa. Gefen ramukan kuma ruwan sama ya cinye su sun yi laushi, abin da kindirmo ba ya yi. Na ji daɗi. Da ta tsaya nan da mun tashi lafiya.

Lauyan ya ce, "Amma wannan mutumin gwani ne. Ba zai iya kwaikwayon duk wannan ba?"

Dokta ta ce, "Ba zai iya ba."

Ta sa aka haska hotunan aikina a bango, manya manya. Ta ɗauki sanda. Ta ce ta san hannuna shekara da shekaru. Zobbana duk sun karkata hagu, saboda ina zama wuri ɗaya ba na zagaya dutse. Ramukana duk zurfinsu ɗaya, kamar mai tsoron a ce ya yi ha'inci. Zobe na farko nakan yi shi da kyau, na biyu da dama dama, na uku kuwa, ta nuna da sanda, a nan ake ganin yunwa ta kama shi. Na huɗu ban taɓa yin wanda ya rufe daidai ba. Sannan ta haska na dajin. Ta ce wanda ya yi wannan ya bi ƙwayar dutsen, zobensa na huɗu ya fi na farko kyau, kuma hannunsa bai yi rawa ko sau ɗaya ba. Ta ce tana girmama ni, amma tsakanina da mai wannan aikin akwai tafiya.

Ina jin Alhaji Musa a baya yana fassara wa waɗanda Turancinsu bai yi ƙarfi ba, kuma yana ƙara gishiri.

Shugaban zaman ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam Sabi'u, ka yarda da abin da ta faɗa? Za ka iya wannan aikin ko ba za ka iya ba?"

Na dubi lauya, na dubi Dokta, na dubi Hajiya. In na ce na iya, na shiga uku. In na ce ban iya ba, a gaban mutane mota biyu ne. Na miƙe na gyara hula na ce, "Ban iya ba."

Ya ce ba a ji a baya ba, in matso kusa da makirufo.

Na matsa na ce, "Ban iya ba!" Har bango ya amsa.

Aka wanke ni tas. Mai gina gidajen, wanda ba mugun mutum ba ne, ya zo ya ba ni hannu ya ba ni haƙuri, daga baya ya karkatar da hanyarsa ta bar dutsen da itatuwan da ke kewaye da shi. Aka sanar da jikokin mutanen farko na yankin, dattawansu suka zo suka gani, suka ce a bar shi inda yake, kada a kafa allo. Misis Fola kuwa har ta koma ga Allah ba ta gama yarda ba. Duk sanda muka haɗu sai ta kashe mini ido ta ce, "Har malamar ka ruɗa."

Da muka fito daga zauren, jama'armu suka kewaye ni ana barka. Alhaji Musa ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka sa komai a ranka, Malam Sabi'u. Mu dama duk mun sani." Hajiya kuwa sai da muka shiga mota, ta ɗaura bel, sannan ta ce tunda muka yi aure yau ne ta fara jin kalmar nan daga bakina, kuma ta gode wa hukuma.

Aiki ya dawo bayan haka, har ya fi da, domin labarin ya shiga gari, mutane suna son dutsen mutumin da aka yi shari'a aka tabbatar ba ya ƙarya. Amma ni washegarin zaman ban je neman aiki ba. Na koma Pleasant Garden na roƙi Misis Fola izini, na shiga dajin ni kaɗai, na bar makoɗi a mota. Na durƙusa a gaban zoben nan na huɗu, na bi shi da yatsa, na zagaya dutsen ta dama, na zagaya ta hagu, ina neman inda mutumin ya fara da inda ya rufe. Har rana ta karkata ban samu ba. Ina komawa duk kaka idan ganye ya zube, kuma har yau ban ga mahaɗin ba.